Na Zama Mijin Aro, Sai Na Tarar Da Matata Da Nata

Goggo, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki sakaya sunana. Yau kwana goma sha biyu ke nan ni da matata muna ɗaki ɗaya, muna ci daga tukunya ɗaya, amma in ban da sannu da a dawo lafiya babu abin da ke haɗa mu. Na rasa wanda zan faɗa wa, don duk wanda ya ji labarin nan sai ya fara yi mini dariya kafin ya tausaya mini. Ni kuwa abin ya fi ƙarfin dariya.

Ni haya nake yi da babur, shekara tara ke nan. Mu takwas ne a tasharmu, ƙarƙashin wata bishiya a bakin ƙofar wani ƙaramin asibiti. Bara aka kawo wani sabon tsari na tazarar haihuwa, aka ce ana so maza su shigo ciki. Aka liƙa hoton wani mutum da matarsa a bango suna ta murmushi. Dokar ita ce, ranar Talata duk matar da ta zo da mijinta a bencin gaba za su zauna, a yi masu bayani tare, a sallame su da wuri. Wadda ta zo ita kaɗai sai bencin baya, ta jira a gama da masu miji. Sau da yawa har a tashi ba a kai kanta ba, a ce ta dawo wani mako.

To Goggo, kin dai san mu maza. Wa zai rufe shagonsa ya zo ya zauna cikin mata da kukan jarirai? Wasu ma matan ba su isa su tayar da zancen a gida ba. Wata mai kitso da nake yawan ɗauka ita ta fara roƙona. Mako uku tana zuwa ana mayar da ita, ga goyo, ga rana. Ta ce in shiga kawai in zauna kusa da ita, ba sai na ce komai ba. Tausayinta ya kama ni, na shiga. Nas ta tambaye ni ko ni ne maigidan, na gyaɗa kai, aka ba ni tawada na dangwala yatsa a katinta. Kafin hantsi ya yi zafi mun fito.

Daga nan fa magana ta bazu a tsakanin mata. Har muka ƙware. In mace ta kira ka, sai ka tuɓe rigar aiki mai ɗaukar ido, ka bar wa 'yan'uwa hular kwano, ka ɗauko hular zuwa biki da ke ajiye a ƙarƙashin kujerar babur. A hanya za ta faɗa maka sunan mijin da yawan yaran. In kun shiga ka karɓi jaririn ka riƙe, don shi ke sa a yarda. Sauran 'yan tasharmu ma suna yi jefi-jefi, amma ni na fi kowa kasuwa, wai ina da fuskar magidanta. Har suka raɗa mini suna Mijin Talata. Ina jin nas-nas ɗin ma sun gane, don akwai ranar da ɗaya ta dube ni ta ce Allah ya ƙara buɗi, iyalin nawa da yawa. Amma su ma ana tambayarsu maza nawa suka zo, sai kowa ya kawar da kai.

Bayanin nan da ake yi, na ji shi har na haddace. Na san ta allura, na san ta ƙwaya, na san wadda ake sawa a damtse mai kama da tsinken ashana, na san abin da aka tanadar wa maza. Na san inda nas za ta tsaya ta ce jikin mace yana bukatar hutu, da inda za ta yi barkwanci a yi dariya. Wani lokaci ma ni nake fara dariyar. In an ce maza su yi alkawarin tallafa wa matansu, hannuna ne farkon tashi.

Amma wanzami ba ya son jarfa. A gidana 'ya'ya biyar ne cikin shekara takwas, autan watansa bakwai. A haihuwarsa ne uwarsu ta sha wuya, kwana shida tana kwance, har sai da aka ƙara mata jini. Ban yi sakaci ba Goggo, Allah ya sani, duk abin da aka rubuta na sayo, duk inda aka aike ni na je. Sai dai ranar da za a sallame ta, da likita ya nemi maigida, na ɗauki fasinja na tafi, ƙanwarta ce ta shiga. Da na dawo na tambaya aka ce lafiya lau, ni kuma ban ƙara bi ta kai ba.

Da yaron ya yi wata uku, wata safiya ina tsugune ina sa wa sarƙar babur mai, ta zo ta tsaya a kaina. Ta daɗe tana juya kofi a hannu kafin ta ce tana so mu je asibiti tare, akwai abin da likita ya ce. Ban ko ɗaga kai ba. Na ce mata a gidana ba a wannan magana, mu goma sha ɗaya mahaifiyarmu ta haifa, kuma har gobe da ƙafarta take zuwa kasuwa. Ta juya ta koma ɗaki. Ba ta sake tayar da zancen ba.

Bari in faɗa miki gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ba don mahaifiyata na hana ba. Matan nan da nake rakawa, a raina ina ganin mazansu sakarkaru ne, ana abu a bayan idonsu ba su sani ba. Ina cewa ni dai tawa ba irin waɗannan ba ce. Sannan ina tsoron bakin 'yan tasha. In suka gan ni da matata ta gaskiya a bencin nan, da me zan ji? Wasa ne in kana rakiyar matar wani. In taka ce, ka fito fili ke nan ka ce ka gaza.

Ranar Talatar da ta wuce waccan, wata mata ta tare ni ta ce ba a asibitinmu take so ba, maƙwabciyarta tana aiki a ciki, in kai ta wani da ke can ƙarshen gari. Tsarin ɗaya ne a can. Na canza hula, na karɓi jakarta, muka shiga muka zauna a bencin gaba. Ina cikin maimaita sunan mijinta a raina, sai na ji wani jariri yana ƙananan ihu irin na murna. Na waiga. Autana ne, Goggo. Shi ya fara ganina, yana ta miƙo hannu. Yana kan cinyar wani dogon mai babur na tashar can, wanda muke haɗuwa da shi wurin bakanike, ana ce masa Ba-Birki. Shi ma ya tuɓe rigar aiki, ya sa hula. Kusa da shi kuma matata ce, da mayafin da na saya mata da hannuna.

Muka haɗa ido da ita, ba wanda ya iya motsi. Ga nas tana bin layi tana tambayar maza ɗaya bayan ɗaya. Ta iso kaina, ta nuna matar da na kawo, ta tambaye ni ko ni ne maigidan. Baiwar Allah nan tana ta zungurina da gwiwar hannu. Goggo, na gyaɗa kai. A gaban uwar 'ya'yana na gyaɗa kai. Ban san me ya sa ba, wataƙila wuyan ne ya saba.

Matata ta miƙe, ta karɓi yaron daga hannun Ba-Birki, ta goya shi, ta fita ba ta waiwayo ba. Ba a ma kai ga kiranta ba. Shi kuwa gogan da ya ga yadda nake kallonsa sai ya sulale ta ƙofar baya. Katinta ta bari a kan benci, na ɗauka. Sunana ne a wurin sunan miji, cikakke har da na mahaifina, amma yatsan da aka dangwala a ƙasa ba nawa ba ne. A bayan katin an maƙala wata takarda mai rubutun likita.

Karatuna bai kai in gane rubutun likita ba. Washegari na kai wa wata nas a asibitinmu, na ce wata fasinja ce ta mance. Ta karanta, fuskarta ta canza. Ta ce takardar sallama ce ta mai haihuwa, an rubuta cewa jininta ya hau sosai kuma ta zubar da jini mai yawa, kada ta sake ɗaukar ciki sai an yi shekara uku, in ba haka ba ranta na cikin haɗari. Ta ce in na ga matar in ce mata ta zo ko ba miji, za ta san yadda za ta yi da ita. Sannan ta ja tsaki ta ce shi kuma mijin, in ya ƙi ji, ya fara neman mai riƙe masa marayu. Na ce mata to, zan faɗa masa.

Tun ranar gidan ya koma haka. Tana dafa abinci ta ajiye mini, tana wanke mini kaya. Na lura ta haɗa kayanta a babbar jaka ta ajiye a bayan ƙofa, kamar mai jiran in ce ta tafi. Yaran ma sun daina hayaniya in na shigo. Katin yana nan ƙarƙashin kujerar babur tare da hular, kullum a kansa nake zaune ina yawo gari.

Na je wurin Yayana na ba shi labari, amma rabi. Ban faɗa masa abin da ya kai ni asibitin ba. Ya ce macen da za ta iya nuna ƙato a gaban jama'a ta ce mijinta ne, babu abin da ba za ta iya ba, in tura ta gidansu ta huta. Wani lokaci sai in ji maganarsa ta shige ni. In na tuna ɗana a cinyar mutumin nan yana ja masa gemu, sai zuciyata ta tafasa, in ji kamar in je tasharsu in shaƙe shi. Jim kaɗan kuma sai in tuna takardar likita. Wata huɗu tun safiyar da na ƙi sauraronta tana ɗauke da wannan magana ita kaɗai, tana kwana kusa da ni tana tsoro.

Goggo, ina son matata, kuma ina jin haushinta, kuma kunyarta nake ji. Ban san da wanne zan fara ba. In bi maganar Yaya? In na yi shiru, ba ta raina ni ke nan ba? In kuma na buɗe baki, da wane ido zan dube ta?

Naki,
Mai babur da hanya ta ɓace masa

*

Ɗana mai babur,

Sau biyu na karanta wasiƙarka. A karon farko na yi dariya, ba zan ɓoye maka ba. A na biyu dariyar ta ɗauke, don na lura da abin da kai ka ambata a gurguje ka wuce: matarka ta fita daga asibitin nan ba a duba ta ba. Haɗarin da likita ya rubuta yana nan daram. Wannan ita ce maganar da ke gabanka, sauran duk su biyo baya.

Ba zan ce ba ka da abin jin zafi ba. Ta zaunar da baƙo a mazauninka, ta sa ya dangwala yatsa a ƙarƙashin sunanka, kuma ta yi a ɓoye. Wannan kuskure ne, kuma duk namijin da ya ga haka sai ransa ya ɓaci. Kana da haƙƙin ka gaya mata ya yi maka ciwo. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kai ta fara nema. Ta zo ta tsaya a kanka da maganar rai da mutuwa, ka fifita sarƙar babur. Da ka rufe mata ƙofa, ta bi hanyar da kai da abokanka kuka share wa matan mutane. Kuma ka duba da kyau, sunan wa ta rubuta? Tana iya ƙirƙiro kowane suna a can ƙarshen gari, wa zai sani? Naka ta sa, har da na mahaifinka.

Akwai kuma abin da ban ga ka yi tunaninsa ba. Kai ka san Ba-Birki ɗan aro ne, don sana'arku ɗaya. Ita fa? Ta ga mijinta ya ci ado, yana riƙe da jakar wata mace, an tambaye shi ya amsa cewa matarsa ce. Me kake tsammani take saƙawa a ranta kwana goma sha biyun nan? Jakar da ke bayan ƙofa ba lallai jiran korarka take yi ba. Mai yiwuwa ita ce ke shawarar ko za ta iya ci gaba da zama da kai.

Saboda haka kai za ka fara magana, kuma da laifinka za ka fara. Gobe kada ka fita da sassafe. Ka tura yaran wurin maƙwabta, ka ɗauko katin da hular nan ka ajiye a gabanta, ka ba ta labarin Mijin Talata tun daga mai kitso. Ka ce mata an karanta maka takardar likita, kuma ka nemi gafararta a kan safiyar da ka ƙi ɗaga kai. Kada ka tsare ta da tambayar me ya sa, amsar tana cikin takardar. In ta yi kuka ka bar ta ta yi, in ta faɗi mai zafi ka haɗiye. Bayan ta sauke nata, sai ka faɗi naka ciwon cikin natsuwa. Jakar kuma kai za ka kwance ta da hannunka.

Yayanka ya yanke hukunci a kan rabin labari, kuma kai ka ba shi rabin. Ko dai ka koma ka cike masa, ko ka gode masa ka cire shi daga maganar. Ba-Birki kuwa ka shafa masa lafiya. In za a shaƙe duk wanda ya yi abin da ya yi, layin da zai taru a tasharku sai ya fi na asibiti tsawo. Batun mahaifiyarka, Allah ya ƙara mata lafiya, amma jiki ba ɗaya ba ne, kuma ba ita likita ya duba ba. In zuciyarka tana da wani wasi-wasi ta fuskar addini, ku je tare wurin malamin da kuka yarda da iliminsa, da takardar a hannu. Ni ba likita ba ce, ba zan zaɓa muku hanya ba. Ku zauna da ma'aikatan lafiya, ku tambayi amfanin kowace da matsalarta, har da wadda ta shafe ka kai, sannan ku zaɓa tare. Kafin nan ka kiyaye ta, kada ciki ya shiga.

Zaman mijin aro ya ƙare daga yau. Na san da tausayi ka fara, amma ƙarya ce, kuma ka ga inda ta kai ka. Su ma masu wannan tsari ina da magana da su, in suna karanta filin nan. Kiran maza abu ne mai kyau, don shawarar iyali ta mutum biyu ce. Amma in aka tura mace bencin baya saboda mijinta ya ƙi zuwa, an hukunta wadda ta zo ne a kan laifin wanda bai zo ba, kuma abin da za a samu shi ne benci cike da huluna na aro. Kai da ka ga abin daga ciki, ka samu shugabar wurin ka gaya mata gaskiya. Sannan bayanin nan da ka haddace, kada ya tafi a banza. Kullum kana ɗaukar mazan gaskiya a bayanka, ga kuma mutum bakwai a ƙarƙashin bishiya. Za su yi maka tsiya kwana biyu, na uku wani zai ja ka gefe ya yi maka tambaya.

Ranar Talata mai zuwa ka ɗauko matarka da autanku a babur. Kada ku je ƙarshen gari, ku zo asibitin da ke bakin tasharku, ku wuce ta gaban abokanka. Ka shiga da rigar aikinka, ka bar hular biki a gida. Ka nemi a ba ta sabon kati. Nas ɗin da ta karanta maka takarda za ta gane ka, ka daure, ka ce mata ka isar da saƙon kuma ga mijin ya zo. In aka iso kanka aka tambaya ko kai ne maigidan, kada ka gyaɗa kai. Ka buɗe baki ka amsa yadda matarka za ta ji.

Allah ya ba ta lafiya, ya raya muku zuri'a, ya sa ita da kanta za ta aurar da autan nan.

Taka,
Goggo